Bidiyon Da Uba Ya Roƙa A Goge

Wata rana, bayan an sauko daga azahar, wani dattijo ya tsaya a ƙofar shagona na gyaran waya.

Bai shigo ba. Ya tsaya kawai yana kallon wayoyin da ke cikin gilashi.

A bayansa akwai wata mata da hijabi ruwan toka, yatsunta baƙi ƙirin da lalle, ta riƙe waya da hannu biyu.

Ni kun san halina, ba na son a tsaya min a ƙofa a tare min iska. Har na buɗe baki zan yi magana, sai muka haɗa ido da dattijon. Na haɗiye maganata, na jawo masa benci.

Muka gaisa. Ya ce sunansa Malam Ɗan'azumi, sana'arsa wankin hula. Matar kuma Hindatu ce, maƙwabciyarsa, mai yi wa amare ƙunshi.

Ya ce an faɗa masa ina iya dawo da abin da aka goge a waya.

Na ce masa wani lokaci ana dacewa, wani lokaci ba a dacewa.

A wannan sana'ar tamu babu irin wanda ba ya zuwa da wannan buƙatar. Wata hotunan bikinta ne yara suka goge. Wani kuma wayar matarsa ya sato yana son ganin da wa take hira, irinsu ko zama ba na bari su yi. Shi ya sa nake fara tambaya kafin in taɓa waya.

Na tambaye su me aka goge.

Suka ce bidiyo ne.

Na tambayi wa ya goge.

Hindatu ta sunkuyar da kai. Dattijon ya ce ita ta danna, amma shi ya sa ta.

Ga labarin yadda suka ba ni. Shi yana faɗa, ita tana ƙarasa masa duk inda ya tsaya.

Malam Ɗan'azumi yana da ɗa, Mudansir, kowa Mudan yake ce masa. Faci yake yi a bakin titin unguwarsu, ƙarƙashin wata darbejiya.

A kwanakin an yi ta ƙwacen waya a yankin, ana ta kamen samari.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, Mudan yana tsugune yana danna robar cikin taya a bahon ruwa, yana neman inda ta huje. Sai ga motar sintiri ta ci burki a gabansa.

Suka diro. Wasu da kaki, wasu da riga ta gida da bindiga a kafaɗa.

Suka ce ya tashi ya shiga mota.

Ya tambayi laifin da ya yi.

Tambayar nan ita ta jawo masa marin farko.

Hindatu tana zauren gidansu a tsallaken titi, tana zana wa ƙawayen wata amarya lalle. Wayarta tana kusa da ita, domin duk ƙunshin da ta gama sai ta ɗauka ta nuna wa masu neman aiki.

Da ta ji hayaniya ta fito. Ta hau dakalin ƙofar gidansu, ta ɗaga wayar.

Ba ta tsallaka titi ba. Ba ta zagi kowa ba. Ko tari ba ta yi ba.

Na tambaye ta ina ta samo wannan ƙarfin halin. Ta ce ba ƙarfin hali ba ne, ita ma a tsorace take. Kawai dai ta taɓa ji a wani shiri na rediyo cewa ba laifi ba ne mutum ya ɗauki jami'in tsaro yana aiki a bainar jama'a, in dai bai tare masa hanya ba. Maganar ce ta faɗo mata a rai.

Ta ce komai ya fito a bidiyon. Fuskokinsu sun fito. Lambar motar ta fito tar. Lokacin da aka buga wa Mudan gindin bindiga a kafaɗa ya fito, da lokacin da aka cilla shi bayan mota.

Sai ɗaya daga cikinsu ya hango ta.

Ku lura da wannan, jama'a. Tun da suka ga wayar nan, hannun kowa ya sauka. Dukan ya tsaya cak.

Babbansu ya tsallako, ya ce ta miƙo wayar.

Ta tura ta cikin hijabi. Ta ce wayarta ce, a ƙofar gidansu take, kuma ba ta hana kowa aikinsa ba.

Ya duba hagu, ya duba dama. Unguwa ta cika maƙil. Ya san in ya sa hannu cikin hijabin mace a gaban mutanen nan, ba lallai motar ta fita lafiya ba.

Sai ya canja murya.

Kafin nan an ruga an kira Malam Ɗan'azumi daga wurin wankinsa. Ya iso yana haki, hannunsa duk kumfa.

Babban nasu ya gaishe shi cikin ladabi, har da ɗan rusunawa. Ya ce shi ma yana da uba, kuma yana ganin girman furfura. Ya ce magana ce mai sauƙi: yarinyar nan ta goge abin da ta ɗauka, su kuma su sauke masa ɗansa yanzu-yanzu, kowa ya kama gabansa.

Shi ke nan. Da wannan maganar ya gama da ita.

Mutanen da tun ɗazu suke tsaye sun harɗe hannu ana jibgar Mudan, babu wanda ya ce uffan, a take duk suka sami baki.

Wannan ya ce ita wace irin mace ce.

Wancan ya ce za ta ja wa unguwa masifa.

Wata tsohuwa ta ce ina ruwan mace da harkar hukuma, ta koma ciki ta yi ƙunshinta.

Wallahi wannan halin namu yana ci min rai. Mu ba ma iya kallon mai ƙarfi mu ce masa ka yi ba daidai ba. Amma a nuna mana mai rauni, yanzu za ka ga mun yi masa caa da ban haƙuri. Yi haƙuri, bar maganar, a rufa asiri. Asirin wa ake rufawa? Oho.

Duk wannan Hindatu ba ta motsa ba.

Sai Malam Ɗan'azumi ya tsallako titin.

Ya cire hularsa, ya ajiye ta a ƙasa a gaban ƙafarta.

Ya durƙusa.

Dattijon da ya girmi mahaifinta, wanda shi ya zauna a sahun gaba ranar ɗaurin aurenta, ga shi gwiwa biyu a cikin ƙurar titi.

"'Yata, na haɗa ki da girman Allah, ki goge."

"Baba, wannan ne fa ya hana su ci gaba da dukansa. In na goge, me ya rage mana?"

"A gaban mutane ya yi min alkawari. Ki goge, a ba ni ɗana."

To ku faɗa min, wace 'yar Bahaushe ce dattijo zai cire hula ya durƙusa mata, ya haɗa ta da Allah, ta ce a'a?

Ta fito da wayar. Ta goge.

Babban nasu ya san kan waya. Ya tsaya a kanta, ya sa ta buɗe wurin da abubuwan da aka goge suke taruwa, ta sake gogewa a can. Ya duba da idonsa, ya gyaɗa kai.

Dattijon ya miƙe, ya nufi bayan motar zai kamo hannun ɗansa.

Aka ce ya dakata. Tunda an riga an sa shi a mota, sai an kai shi ofis ya yi ɗan bayani. Ba wani abu ba ne, kafin azahar yana gida.

Mota ta tashi.

Abin da ya fi ba ni takaici, har yabon dattijon aka yi. Aka ce ya yi dattako, ya kashe wutar fitina. Shi ma ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya yi wa Hindatu godiya, ya sa mata albarka.

Ya shiga gida ya ce wa mahaifiyar Mudan ta ajiye masa abincinsa, yanzu zai dawo.

Azahar ta yi. La'asar ta yi.

Washegari da sassafe ya tafi caji ofis ɗin da ya fi kusa da su.

Aka duba, aka ce ba a kawo mai wannan sunan ba. Aka tambaye shi wace tawaga ce ta kama shi. Bai sani ba. Aka tambaye shi lambar motar. Bai sani ba. Aka tambaye shi ko ya ga sunan wani a ƙirjin riga. Ya ce shi ɗansa yake kallo, bai kalli rigar kowa ba.

Ya tafi wani ofishin. Tambayoyin nan dai aka sake yi masa.

Ya dawo unguwa yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wanda ya riƙe lambar.

Wani ya ce motar fara ce. Wani ya rantse baƙa ce. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan Hindatu ranar, cewa ya yi shi bai ma fito ba, yana banɗaki aka yi abin.

Da aka ce a zo a ba da shaida, kowa ya sami uzuri.

A wani ofishin ne ya haɗu da wani ɗan sanda mai shekaru, wanda yake zaune a teburin karɓar ƙara. Dattijon ya ce har gobe yana yi wa mutumin nan addu'a, domin shi kaɗai ne ya ba shi wurin zama da ruwan sha.

Ɗan sandan ya ja shi gefe, ya ce masa gaskiya tawagogin sintiri suna da yawa, wasu ma daga wani yankin suke shigowa, akwai kuma 'yan damfarar da ke sa kaki ba su da alaƙa da aikin. Ya ce da akwai ko hoton motar ne, ko fuskar mutum ɗaya, da shi da kansa zai gane ko nasu ne, ya nuna masa ƙofar da zai buga.

Dattijon ya ce masa ai an ɗauka.

Ɗan sandan ya ce to maza ya kawo.

Malam Ɗan'azumi ya ce min a nan ne ya gane abin da ya yi. Sai da ya zauna a ƙasa.

Daga nan babu inda bai shiga ba. Gidan yari, asibitoci, har ɗakin ajiye gawa an buɗe masa ya dudduba fuskokin 'ya'yan mutane.

Makonni suka wuce bai iya tunkarar Hindatu ba. In ya hango ta sai ya canja hanya. Ya ce kunyarta yake ji fiye da yadda yake jin kunyar surukansa.

Ranar da ya daure ya yi sallama a zaurensu, bai ma gama magana ba ta sa hijabi ta biyo shi. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Shaguna da yawa suka zaga kafin a turo su wurina.

Na karɓi wayar.

Na sallami sauran masu jira, na ce su dawo gobe. Na jona ta da kwamfuta, na shiga tono.

Na tambaye ta ko ta tura wa wani kafin ta goge. Ta ce ina ta ga lokaci, mutum yana tsaye a kanta. Na tambaye ta ko wayar tana ajiye hotuna a intanet da kanta. Ta ce ranar ko data ba ta da ita.

Duk dabarar da na sani na gwada. Wadda ban sani ba na kira maigidana da ya koya min aiki na tambaye shi.

Hotunan lalle suka yi ta fitowa, na bara da na bana. Waƙoƙin biki suka fito. Muryoyin da aka turo mata tun tuni suka fito.

Bidiyon bai fito ba.

Wayoyin yanzu haka suke. In an goge abu daga can ciki, aka kuma ci gaba da amfani da wayar, sababbin abubuwa ne suke hawa kan gurbinsa.

Da na yi wannan bayanin, Hindatu ta tambaye ni a hankali ko hotunan ƙunshin da ta ci gaba da ɗauka ne suka danne shi.

Na ce mata ba laifinta ba ne, kuma har zuciyata nake nufi.

Dattijon yana zaune yana kallon fuskata, ba kwamfutar ba. Duk motsin da na yi sai ya ɗan ɗago. Na yi shekaru ina gaya wa mutane wayarsu ta mutu, ban taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba.

Don kada su tafi hannu rabbana, na kira wani lauya da nake yi wa gyara. Na buɗe murya kowa yana ji.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce a iya saninsa babu dokar da ta hana mutum ɗaukar jami'i yana aiki a kan titi, matuƙar ya tsaya nesa bai shiga tsakani ba. Ya ce ba su da hurumin tilasta mata gogewa, shi ya sa ma suka bi ta kan uban. Ya ce zai taimaka a rubuta koke, amma kada ya yaudare mu, koken da babu lamba, babu fuska, babu mai shaida, tafiyarsa tana da wuya.

Na kashe wayar. Dattijon ya ce ashe duk taron nan yarinyar nan ce kaɗai take tare da ɗansa.

Hindatu ta juya baya tana share ido da gefen hijabi.

Sai ta ce min, ai akwai wani bidiyon na ranar.

Na zabura. Na ce shi ne tun ɗazu ba ta faɗa ba?

Ta ce ba irin wanda nake zato ba ne. Ta nemo shi ta miƙo min.

Ina gani na gane shi. Ya taɓa wucewa ta gabana, kuma na san da yawanku kun gan shi.

Wani ne ya ɗauka daga cikin taron. Dattijo a durƙushe, hula a ƙasa, mace a tsaye a kan dakali. A sama an rubuta wai ku ga fitsararriyar da ta sa sa'an ubanta ya durƙusa mata saboda waya.

Dubban mutane sun yaɗa shi. Na leƙa wurin sharhi, tsinuwa ce tun daga sama har ƙasa. Wasu har da jawo aya.

Ta ce tun da ya fita, yawancin iyayen amare suka daina kiranta. Wata ta aiko mata cewa hannun da bai san girman manya ba ba zai taɓa 'yarta ba.

Kai jama'a. Ashe akwai masu waya a wurin. Ashe akwai caji, akwai data, akwai hannun ɗagawa.

Na sa shi a kwamfuta, na bi shi a hankali, ina tsayarwa ina zuƙowa, ko Allah zai sa a ga gefen lamba ko rabin fuska.

Babu. Wanda ya ɗauka ya yi taka-tsantsan sosai, ko takalmin jami'i bai bari ya shigo ba. Ƙarfinsa a kan mace da tsoho ya ƙare.

Dattijon ya tambayi me muke kallo.

Ashe shi bai taɓa gani ba. Ƙaramar waya ce da shi mai madannai, kuma 'yan gidansa sun ɓoye masa.

Na so in kauce. Ya ce in nuna masa, babu abin da ya rage da zai ba shi kunya.

Na juyo masa da kwamfutar. Na ƙara murya a sifikar shago, saboda kunnensa ya ɗan yi nauyi.

Ya ga kansa yana cire hula. Ya ga kansa yana durƙusawa. Fuskarsa ba ta canja ba.

Sai a cikin hayaniyar mutane, daga can nesa, wata murya ta taso.

"Baba, tashi. Don Allah Baba ka tashi, kar ka durƙusa."

Dattijon ya dafa benci.

Mudan ne, daga bayan mota.

Dattijon ya ce wallahi ranar bai ji ba. Hindatu ma ta ce ba ta taɓa ji ba, domin ba ta taɓa iya kallon bidiyon da murya ba.

Ya ce in mayar baya. Na mayar.

Ya ce in sake. Na sake.

Ban san sau nawa muka saurara ba. Maƙwabcina mai sayar da caja ya leƙo zai yi tsiyar mun cika masa kunne, da ya ga fuskokinmu ya koma da baya.

Daga ƙarshe dattijon ya laluba aljihu, ya fito da 'yar wayarsa wadda aka ɗaure bayanta da roba. Ya ce in sa masa a ciki, mahaifiyar yaron ta ji muryar ɗanta. Ya ce ta daina cin abinci sosai, ko wannan zai sa ta ci.

Na ce masa zan iya yanko muryar kaɗai, in cire hoton da rubutun, ba sai ya riƙa ganin kansa a haka ba.

Ya girgiza kai.

"Ita uwar tasa ka yanko mata muryar. Ni bar min shi yadda yake, ɗana. Ni ya kamata in riƙa gani."

Na sa masa duka biyun.

Ya yi min godiya kamar na yi masa wani abu. Ya sa min albarka, ya sa wa iyayena. Suka fita, shi a gaba, ita a baya, wayar da babu komai a cikinta tana hannunta.

Ranar ban ƙara taɓa aikin kowa ba. Na rufe shago tun kafin magariba.

Na karɓi lambarsa, ina kiransa lokaci-lokaci. Lauyan ya rubuta koken, an kai, an ce ana bincike.

Na daina tambayarsa ko an ji labari. In akwai, da kafin mu gama gaisawa ya faɗa.

Har yau da nake wannan rubutun, ba a san inda Mudan yake ba.

Darasi:

In ka ga wani ya tsaya nesa yana ɗaukar jami'an tsaro suna aiki a kan titi, ba fitina yake nema ba, kuma ba laifi yake yi ba. In ba za ka iya tsayawa kusa da shi ba, to don Allah ka yi shiru. Kada ka zama bakin da za a yi amfani da shi a karya shi.

Jami'in da yake aikinsa bisa ƙa'ida ba ya asarar komai don an ɗauke shi. Duk wanda ya ce sai an goge kafin ya yi maka adalci, ka tambayi kanka me zai hana shi saɓawa bayan an goge.

In kai ne mai ɗauka, ka tsaya nesa, kada ka zagi kowa, kada ka tare hanya. Ka nemi lambar mota da fuska. Kuma kafin kowa ya iso gabanka, ka tura wa wani. Mu masu gyara ba ma dawo da komai da komai, ƙarya muke yi in mun ce muna iyawa.

Ban ce bidiyo zai hana a zalunce ka ba. Ni kaina na daina yarda akwai abin da yake hanawa. Amma ko ba komai, iyayenka za su san ƙofar da za su je su yi kuka.

Ku kuma da kuka yaɗa bidiyon dattijon nan kuna tsine wa baiwar Allah, ba ku san hawa ba ba ku san sauka ba, hannun da kuka tura wancan da shi bai karye ba. Ku tura wannan ma, ya kai duk inda wancan ya kai. Wataƙila a cikin waɗanda suka tsaya a titin nan ranar, akwai wanda lambar motar take cikin wayarsa, tsoro ya hana shi magana.

In kai ne, akwai wata uwa da take kwana da muryar ɗanta a kunne. Ka ji tsoron Allah ka fito da ita.